Invisible Man (littafin Ralph Ellison)

Invisible Man littafin ƙagaggen labari ne da marubucin nan ɗan ƙasar Amurka, Ralph Ellison, ya rubuta da Turanci. Kamfanin ɗab'i na Random House ne ya fara buga shi a birnin New York a watan Afrilun 1952. A 1953 ya ci lambar yabo ta National Book Award, kuma Ellison ne baƙar fata na farko da ya samu wannan lambar. Littafin yana da gabatarwa, da babi 25, da rufewa. Tauraron labarin wani saurayi ne baƙar fata daga kudancin Amurka, shi ne kuma yake ba da labarin da bakinsa, amma har littafin ya ƙare ba a faɗi sunansa ba. Ana karantar da littafin a makarantun sakandare da jami'o'in Amurka, galibi saboda abubuwa uku da suka sarƙe da juna a cikinsa: alamci, da wariyar launin fata, da yadda al'umma take mayar da mutum saniyar ware.

Ma'anar sunan littafin

Idan aka fassara sunan kai tsaye zai ba da "mutumin da ba a gani". Bahaushe zai iya kawo layar zana a ransa, wato mutumin da ya yi wani siddabaru ya ɓace wa idon jama'a. Wannan ma'anar ta fi dacewa da wani littafin daban mai suna The Invisible Man, na marubucin Ingila H. G. Wells, wanda ya fito a 1897, inda wani masanin kimiyya ya mayar da jikinsa wanda ido ba ya iya kamawa. Ana yawan rikita littattafan biyu. Tauraron Ellison yana da jiki da jini kamar kowa, kuma tun a shafin farko ya bayyana cewa matsalar tana ga masu kallonsa: idan sun dube shi, abin da suke gani shi ne abin da suka riga suka saƙa a zukatansu game da baƙar fata. Saboda haka fassarar da ta fi kusa da manufar littafin ita ce "mutumin da aka ƙi gani".

A cikin gabatarwar akwai wani ɗan labari da ya nuna hakan. Wata rana da dare tauraron ya bangaji wani Bature a titi ba da gangan ba, mutumin ya zage shi, shi kuwa ya kama shi da duka har ya zaro wuƙa. Yana gab da yanka shi sai ya gane cewa mutumin bai ma gan shi a matsayin mutum ba, a wajensa wani dodon mafarki ne ya far masa. Washegari jarida ta buga labarin a matsayin fashin kan titi.

Marubucin da zamaninsa

An haifi Ralph Waldo Ellison a birnin Oklahoma. An daɗe ana rubuta 1914 a matsayin shekarar haihuwarsa, amma Arnold Rampersad, wanda ya wallafa tarihin rayuwarsa a 2007, ya tsaya a kan 1913. Mahaifinsa ya raɗa masa sunan ne saboda masanin falsafar Amurka Ralph Waldo Emerson. A 1933 ya shiga makarantar Tuskegee da ke jihar Alabama don karatun kiɗa, domin shi mai busa kakakin Turawa ne. A can ya karanta waƙar T. S. Eliot mai suna The Waste Land, wadda ya ce ita ta karkatar da hankalinsa ga adabi. A 1936 ya tafi New York neman kuɗin makaranta, bai kuwa koma ba. Ya haɗu da Langston Hughes da Richard Wright, kuma Wright ne ya fara ƙarfafa masa gwiwa ya yi rubutu. A ƙarshen shekarun 1930 ya yi aiki da shirin gwamnati na Federal Writers' Project, yana tattara labarai da maganganun mutanen unguwar Harlem. Ya kuma yi rubutu a mujallun da ke kusa da jam'iyyar Kwaminis ta Amurka kafin ya nisance ta. Ya fara rubuta Invisible Man a 1945 a jihar Vermont, aikin ya ɗauke shi kusan shekara 7. Ya rasu a New York ranar 16 ga Afrilu, 1994.

A lokacin da labarin ke faruwa, wariya doka ce a jihohin kudu. Hukuncin Kotun Ƙoli na 1896 a shari'ar Plessy da Ferguson ya halatta raba baƙaƙe da farare a makarantu da jiragen ƙasa da sauran wuraren jama'a, kuma sai a 1954, shekara 2 bayan fitowar littafin, kotun ta soke wannan a makarantun gwamnati. Tafiyar tauraron daga kudu zuwa Harlem ita ce tafiyar da baƙaƙen fata kusan miliyan 6 suka yi zuwa biranen arewa da yamma daga shekarun 1910 zuwa 1970.

Taƙaitaccen labari

Tauraron yana ba da labarin ne daga wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa a gefen Harlem, a wani gini da Turawa kaɗai ake ba haya. Daga nan ya koma baya kimanin shekara 20.

Kakansa, wanda tsohon bawa ne, ya bar wasiyya a gadon mutuwa cewa a yaƙi Turawa ta hanyar amsa musu da "to" da murmushi har abin ya shaƙe su. Wannan magana ta dame shi tsawon labarin. Bayan ya gama sakandare, manyan Turawan garinsu sun gayyace shi ya yi jawabi, amma kafin jawabin sai suka haɗa shi da wasu samari baƙaƙe su 9, aka ɗaure musu idanu, aka sa su dambe da juna don nishaɗin 'yan kallo. Ya yi jawabin da jini a bakinsa, aka ba shi jakar takardu ta fata da tallafin karatu zuwa wata kwaleji ta baƙaƙe. A kwalejin aka sa shi ya tuƙa wani attajiri Bature, Mista Norton, ɗaya daga cikin amintattun makarantar. Ya kai shi wuraren da hukumar makaranta ba ta so baƙi su gani: bukkar wani manomi mai suna Trueblood wanda ya yi wa 'yarsa ciki, da wata mashaya mai suna Golden Day inda tsoffin sojoji masu taɓin hankali ke taruwa. Shugaban kwalejin, Dokta Bledsoe, wanda shi ma baƙi ne, ya kore shi, ya ba shi wasiƙu 7 a rufe zuwa ga wasu manya a New York. Daga baya ya gano cewa wasiƙun suna umartar waɗanda aka aika wa su riƙa yi masa romon baka kawai, kada su taimake shi.

Ya samu aiki a kamfanin fenti, tukunyar tururi ta fashe da shi, aka yi masa gwajin jona lantarki a kai a asibitin kamfanin. Wata dattijuwa a Harlem, Mary Rambo, ta ɗauke shi ta yi jinyarsa. Wata rana ya ga ana watso kayan wasu tsoffin ma'aurata waje a cikin hunturu, ya yi wa jama'ar da suka taru jawabi, jawabin ya tayar da su. Daga nan wata ƙungiya mai suna Brotherhood, wato 'Yan'uwantaka, ƙarƙashin wani Bature da ake kira Brother Jack, ta ɗauke shi aiki a matsayin kakakinta a Harlem, ta ba shi sabon suna da albashin dala 60 a mako. Ya yi suna, sannan ƙungiyar ta juya wa Harlem baya. Abokinsa Tod Clifton ya bar ƙungiyar, ɗan sanda ya harbe shi a titi. Tarzoma ta ɓarke, kuma cikin gudu tauraron ya faɗa wani rami a tsakiyar titi wanda ake ajiye kwal a cikinsa, aka rufe murfin a kansa.

Alamci

A nazarin adabi, alamci shi ne a yi amfani da wani abu na zahiri ya tsaya a madadin wata ma'ana da ta fi shi faɗi. Ellison ya cika littafin da irin waɗannan abubuwa, har wasu masu sharhi na ganin sun yi yawa. Abin da ya hana su zama ado kawai shi ne yawancinsu kayayyaki ne da tauraron ya taɓa da hannunsa, ya ɗauka, ko ya yi ƙoƙarin yarwa ya kasa.

Ido da makanta. Kusan duk wanda ya yi iƙirarin zai nuna wa tauraron hanya yana da wata nakasa a ido. Samarin da aka sa dambe an ɗaure musu ido da farin ƙyalle. A kwaleji, Rabaran Homer Barbee ya yi wa'azi mai sa kuka a kan wanda ya kafa makarantar da irin hangen nesansa, sai da ya gama ya yi tuntuɓe ya faɗi, tabaraunsa suka zame, aka ga ashe makaho ne. Brother Jack, wanda ke cewa ƙungiyarsa ta san inda tarihi ya dosa, idonsa ɗaya na gilashi ne, kuma ya faɗo ne a zaman da ya faɗa wa tauraron cewa ba don ya yi tunani aka ɗauke shi aiki ba. A harabar kwalejin akwai mutum-mutumin wanda ya kafa ta yana riƙe da mayafin da ya lulluɓe fuskar wani bawa da ke durƙushe, tauraron kuwa ya kasa tantancewa ko yaye mayafin ake yi ko ƙara rufe shi. Irin wannan mutum-mutumin yana nan a zahiri a Tuskegee, na Booker T. Washington, wanda aka kafa a 1922. Siffanta wariya da mayafi kuwa W. E. B. Du Bois ya riga ya yi shi a littafinsa The Souls of Black Folk na 1903.

Farin fenti. Babin kamfanin Liberty Paints shi ne wurin da alamcin ya fi fitowa fili. Kamfanin yana alfahari da wani fenti mai suna Optic White, wanda ake cewa farinsa zai iya rufe ko da curin kwal ne, kuma gwamnati ce babbar mai saye, tana shafa shi a gine-ginen tarihi na ƙasa. Aikin da aka ba tauraron shi ne ya ɗiga ɗigo 10 na wani baƙin ruwa a kowane bokiti, ya motsa har baƙin ya ɓace. Idan babu wannan baƙin, fentin ba ya yin fari. Idan kuma ya yi aikinsa, ba a ƙara ganinsa. Can ƙasa, hawa 3 a ƙarƙashin ginin, wani tsoho baƙi mai suna Lucius Brockway ne yake haɗa asalin sinadarin fentin shi kaɗai, ba shi da takardar shaidar injiniya, amma duk lokacin da aka yi ƙoƙarin maye gurbinsa sai fentin ya lalace. Ma'anar a bayyane take: abin da Amurka ke nunawa a matsayin farar al'ada an gina shi ne da ƙwadago da kiɗa da harshen baƙaƙe, sannan aka ɓoye su. Ellison ya maimaita wannan ra'ayi a maƙalunsa na baya. Akwai kuma shaguɓe ga tsohuwar ƙa'idar nan ta kudu da ke cewa ɗigo ɗaya na jinin baƙi ya isa ya mai da mutum baƙi, wadda jihar Virginia ta sa a dokarta a 1924. A kamfanin an juya lissafin. Wani ƙaramin abu da masu karatu kan tsallake shi ne, bayan tauraron ya yi kuskure ya zuba wani ruwa daban, ya ci gaba da ganin toka-toka a cikin farin, amma shugaban sashen ya duba ya ce ya yi daidai.

Brockway kansa ba gwarzo ba ne. Yana tsananin ƙin ƙungiyar ƙwadago, yana tsoron duk wani saurayi mai ilimi zai ƙwace masa aiki, kuma faɗan da ya yi da tauraron ne ya sa suka manta da ma'aunin tururi har tukunyar ta fashe. Shekarun da ya yi shi kaɗai a ƙarƙashin ƙasa sun sa yana ganin kowane baƙi ɗan'uwansa a matsayin maƙiyi.

Jakar takardu. Jakar da aka ba shi a daren damben ita ce zaren da ya ɗinke littafin. A daren da aka ba shi ya yi mafarkin kakansa ya sa shi ya buɗe ta, ya samu ambulan cikin ambulan, a na ƙarshe akwai saƙon cewa a sa wannan yaro ya yi ta gudu. Duk inda ya je sai an ƙara masa wani abu a ciki. Akwai takardar shaidar sakandare. Akwai 'yar takardar da Jack ya rubuta masa sabon sunansa, da wata wasiƙa marar sa hannu da ta gargaɗe shi kada ya yi saurin ɗaukaka. Akwai ɓaraguzan wani asusu na ƙarfe da ya samu a gidan Mary, wanda aka ƙera da siffar baƙin mutum mai jan leɓe da wagegen baki, ana sa masa kwabo a hannu ya jefa a bakinsa. Tauraron ya fasa shi cikin fushi, ya ƙunshe ɓaraguzan, ya jefa a kwandon shara, wata mata ta tilasta masa ya ɗauke. Ya yar a kan ƙanƙara, wani mutum ya biyo shi da gudu ya mayar masa. Wannan wuri yana da ban dariya, yana kuma cikin mafi ɗaci a littafin: siffar da wasu suka ƙera masa ba ta yarwuwa.

Akwai kuma 'yar tsanar takarda mai suna Sambo, wadda Clifton ya koma sayarwa a gefen titi bayan ya bar ƙungiyar. Tana rawa kamar da kanta, sai daga baya tauraron ya gano wani siririn baƙin zare da ake jan ta da shi. A nan mai karatu Bahaushe yana buƙatar ɗan bayani. Sambo a wajen Fulani da Hausawa suna ne mai mutunci, na ɗa namiji na biyu. A Turancin Amurka kuwa ya zama zagi, sunan da ake kiran baƙin mutum da ake ɗauka wawa ne mai yawan washe baki. Masana harshe sun yi saɓani kan asalinsa a can, wasu na danganta shi da kalmar Sifaniyanci zambo, wasu da sunayen Afirka ta Yamma da bayi suka tafi da su.

A cikin ramin da ya faɗa babu haske, don haka ya buɗe jakar ya riƙa ƙona abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya don ya ga hanya. Ya fara da takardar sakandare, sai 'yar tsanar, wadda ta yi taurin ci. A hasken wasiƙar nan marar sa hannu ne ya ga cewa rubutunta iri ɗaya ne da na takardar da ke ɗauke da sabon sunansa. Mutum ɗaya ne ya raɗa masa suna ya kuma yi masa barazana.

Mari biyu. Dokta Bledsoe yana ajiye wani tsohon marin bayi a kan teburinsa, sumul, yana kiransa alamar ci gaban baƙaƙe. A Harlem kuwa wani tsoho ɗan ƙungiya, Brother Tarp, ya ba tauraron zoben sarƙa guda, a murɗe, da alamun zarto a jikinsa. Tarp ya yi shekara 19 ɗaure da sarƙa a aikin fursuna a kudu saboda ya ce "a'a" ga wani da ya so ƙwace masa abu, kuma da hannunsa ya yanke zoben ya gudu. Har yanzu yana ɗingishi, alhali likitoci sun ce ƙafarsa lafiya lau.

Haske. A ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa tauraron ya jera ƙwayayen lantarki 1,369, da wutar da yake sata daga kamfanin lantarki ba tare da an san inda take zurarewa ba. Ya ce haske ne ke tabbatar masa da cewa yana da siffa. A nan yake sauraron faifan Louis Armstrong mai suna Black and Blue, wanda aka ɗauka a 1929. Sunan waƙar yana da harshen damo: a Turanci kalmomin biyu a haɗe suna nufin jikin da ya sha duka ya kumbura, a rarrabe kuma ɗaya launin fata ne, ɗaya baƙin ciki.

Sunaye. Ellison yana wasa da sunaye sosai. Tod a Jamusanci mutuwa ce. Homer sunan makahon mawaƙin nan ne na Girka. Lucius ya samo asali daga kalmar Latin mai nufin haske, ga shi an ba mutumin da ke aiki inda rana ba ta kaiwa. Ras, jagoran masu kishin baƙar fata a Harlem, yana ɗauke da sarautar Habasha mai nufin "kai", 'yar'uwar kalmar Larabci ra'as, kuma a kunnen mai jin Turanci tana kusa da kalmar da ke nufin jinsin launin fata. Tauraron da ba shi da suna yana yawo ne a cikin mutanen da sunayensu ke magana.

Launin fata da kaɗaici

Kaɗaicin tauraron bai fara a cikin rami ba. Ya fi tsanani a lokutan da yake tsakiyar jama'a ana tafa masa. A daren damben, Turawan suna ta hira da dariya yana jawabi, ba su saurara ba sai da bakinsa ya suɓuce ya ambaci daidaito tsakanin jinsuna a maimakon sauke nauyin al'umma. Nan take ɗakin ya yi tsit, aka sa shi ya gyara. Mista Norton ya gaya masa cewa shi ne ƙaddararsa, amma wani tsohon likitan soja a Golden Day ya faɗa wa Norton a fuska cewa yaron a wajensa maki ne kawai a takardar lissafin nasarorinsa. A rufewar littafin tauraron ya ci karo da Norton ya ɓata hanya a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, Norton bai gane shi ba.

Abin da ya bambanta littafin da yawancin littattafan zamaninsa a kan wariya shi ne bai tsaya ga Turawa masu ƙiyayya a fili ba. Waɗanda suka fi yi wa tauraron illa masu cewa suna ƙaunarsa ne, ko kuma 'yan'uwansa baƙaƙe. Bledsoe ya faɗa masa ƙarara cewa gara a rataye duk baƙaƙen ƙasar da ya rasa kujerarsa. Brotherhood ta karɓe shi hannu biyu, amma a liyafar farko ya ji wata mata tana tambaya ko bai kamata a ce ya ɗan fi haka baƙi ba. Da ya shirya jana'izar Clifton, dubban mutane suka fito, kwamitin ƙungiyar ya tsawata masa, domin a lissafinsu mai sayar da 'yar tsana maci amana ne. Ras kuma yana ganinsa a matsayin karen Turawa, har ya ba da umarni a rataye shi a daren tarzoma. Kowane ɓangare yana da rigar da ya ɗinka masa tun kafin ya iso.

Ellison ya gwada wata mafita ta hanyar Rinehart, mutumin da bai taɓa bayyana a littafin ba. Tauraron ya sa baƙin tabarau da faffaɗar hula don ya ɓuya daga yaran Ras, sai mutane suka riƙa ɗaukarsa Rinehart: wani ya ɗauke shi ɗan caca, wata ta ɗauke shi saurayinta, 'yan sanda suka nemi cin hancinsu, wasu tsoffin mata suka gaishe shi a matsayin limamin cocinsu. Rinehart ya mayar da rashin ganuwa jari. Tauraron ya ga 'yancin da ke cikin haka, ya kuma ga cewa mai fuska da yawa ba shi da kowa.

Wurare kaɗan ne kaɗaicin ke sassautawa, kuma duk suna da alaƙa da abin da ya baro a kudu yana jin kunyarsa. Ɗaya gidan Mary ne, wadda ba ta tambaye shi kuɗin haya ba watanni. Ɗaya kuma ranar da ya sayi gasasshen dankali a titi ya ci yana tafiya, abin da a da yake ganin ƙauyanci ne. Amurkawa suna kiran wannan dankali da kalmar da a wasu wurare ke nufin doya, kuma Ellison ya yi wasa da kamannin sautinta da kalmar Turanci ta "ni ne". Sai dai na ƙarshe da ya gutsura sanyi ya lalata shi, ya yi ɗaci. Da ya shiga Brotherhood, abu na farko da aka umarce shi shi ne ya bar gidan Mary ya kuma daina rubuta wa danginsa wasiƙa.

Zaman ramin da kansa tauraron ya kira shi dogon barcin hunturu irin na beyar, wato kamar yadda gaiwa ke shigewa laka ta jira damina. A rufewa ya ce zai fito, domin ko wanda ba a gani yana da nauyin da ya rataya a wuyansa. Littafin bai nuna fitowar ba, kuma masu sharhi sun daɗe suna gardama kan ko wannan alkawari ya gamsar. Tsarin mai ba da labari daga ƙarƙashin ƙasa yana da magabata: Notes from Underground na Dostoevsky, 1864, da labarin Richard Wright mai suna The Man Who Lived Underground. Tarzomar ƙarshe kuwa ta yi kama da wadda aka yi a Harlem a watan Agustan 1943, wadda Ellison ya gani ya kuma rubuta rahoto a kanta.

Karɓuwa da suka

Saul Bellow ya yaba wa littafin a mujallar Commentary a 1952. Marubutan da ke ɓangaren Kwaminis sun yi tir da shi, kuma John Oliver Killens ya kira shi ɓata sunan rayuwar baƙaƙe. A 1963 Irving Howe ya zargi Ellison da kauce wa adabin gwagwarmaya irin na Wright. Ellison ya mayar da martani da maƙalar The World and the Jug, inda ya ce rayuwar baƙaƙe ta fi ƙarfin a taƙaita ta ga wahala kaɗai. A 1965 wata ƙuri'a da Book Week ta gudanar tsakanin marubuta da masu sharhi kimanin 200 ta zaɓe shi a matsayin fitaccen littafin Amurka na shekaru 20 da suka gabata, kuma a 1998 Modern Library ta sa shi na 19 a jerin littattafan Turanci 100 na ƙarni na 20.

Sukar da ta fi wuyar kaucewa ita ce ta mata. Littafin da ke magana a kan ƙin ganin mutum bai ga matansa sosai ba: ko uwa mai reno kamar Mary, ko abin sha'awa kamar farar mai rawar da aka kawo a daren dambe. Wani babi da Mary ke da babban matsayi a cikinsa an cire shi kafin bugu, sai a 1963 aka buga shi daban. Barbara Foley, a littafinta Wrestling with the Left na 2010, ta bi rubuce-rubucen farko na Ellison ta nuna cewa a cikinsu an fi tausasa wa 'yan ƙungiyar fiye da yadda suka fito a bugun 1952.

Ellison bai ƙara fitar da wani ƙagaggen littafi ba a rayuwarsa. Gobara a gidansa na Plainfield, jihar Massachusetts, ta cinye wani ɓangare na littafinsa na biyu a 1967, kuma sai bayan rasuwarsa aka fitar da wani yanki nasa da sunan Juneteenth a 1999. A watan Satumban 2013 hukumar ilimi ta gundumar Randolph a jihar North Carolina ta cire Invisible Man daga ɗakunan karatun makarantunta bayan ƙorafin wata uwa, sannan ta janye hukuncin a cikin watan. A 2003 an kafa masa abin tunawa a Riverside Park, kusa da inda ya zauna a New York, aikin mai sassaƙa Elizabeth Catlett: wani dogon allon tagulla da aka yanke siffar mutum daga tsakiyarsa, ana hango bishiyoyi ta cikin gurbin.